Ƙanena na son tuƙin jirgin sama: Zariya, ƙasar waje ko soja?

Ɗan Bolari:
Assalamu alaikum. Ƙanena ya gama sakandare a nan Gombe, shekararsa 18, yana da kiredit a Turanci, Lissafi da Fiziks. Ba shi da zance sai tuƙin jirgi. Baba ya ce zai sayar da gona ɗaya in dai abin zai kai shi ga aiki. Wasu sun ce kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wasu Afirka ta Kudu, kawunmu kuma ya kafe sai NDA, makarantar horar da hafsoshin soja, tunda kyauta ce. Don Allah wace hanya ta fi, kuma me kamfanoni ke dubawa kafin su ɗauki mutum?

Malam na Herwagana:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, kada a taɓa gonar nan sai yaro ya ga likita. Ba likitan unguwa ba, wanda NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ta amince wa ya ba da shaidar lafiya mai daraja ta ɗaya. Za a auna ido, ji, bugun zuciya, hawan jini da suga. Tabarau ba ya hana mutum tuƙi, muddin da shi ganin yana kaiwa yadda ake so. Abin da ke kayar da yara ba zato shi ne rarrabe launi. Za a buɗe masa wani ɗan littafi mai ɗige-ɗige, a ce ya karanta lambar da ke ɓoye a ciki. Wani sai a teburin nan zai san cewa ja da kore suna rikice masa, alhali fitilun jirgi da na filin sauka da su ake magana. Farfaɗiya ma tana rufe ƙofa. Shaidar kuma duk shekara ake sabunta ta.

Tsohon Ɗalibin Zariya:
Malam ya yi gaskiya. In ya tsallake likita, ga yadda tsanin yake. Lasisin farko shi ne PPL, na tuƙin kashin kai, daga shekara 17, aƙalla awa 40 a sama, amma ba a cin abinci da shi. Sai CPL, lasisin tuƙi na sana'a, daga shekara 18, wanda ke neman awa 200, ko 150 in a tsararren kwas na makarantar da aka amince da ita aka yi. A kansa ake ɗora shaidar tashi da na'ura kaɗai, wato ka tuƙa cikin hazo ba ka ganin komai a waje, da ta jirgi mai inji biyu. Na ƙarshe ATPL, shekara 21 da awa 1,500, sai da shi ake zama kyaftin a babban jirgin fasinja.

Kwalejin Zariya, wato NCAT, tun 1964 take, akwai kuma kwaleji a Ilorin. Lasisinsu na gida ne, ba ruwanka da canza lasisi. Matsalar ita ce lokaci: ɗalibai da yawa kan jirage kaɗan, ga ƙurar hunturu da ke ajiye masu koyo a ƙasa. Kwas ɗin shekara biyu yana iya jan ƙafa.

Inda iyaye ke kuskuren lissafi shi ne ɗaukar CPL a matsayin ƙarshen kashe kuɗi. Jirgin koyo ƙarami ne, kujera huɗu. Kamfani kuwa Boeing 737 ko Embraer 145 yake da shi, kowanne da tasa shaidar, wadda matuƙa ke kira taif-retin. Makonni ake yi a aji da cikin simuleta, na'urar da ke kwaikwayon tuƙin jirgi a ƙasa, yawanci a waje, da dala. Kamfani yakan biya wa wanda ya ɗauka, ya sa shi sa hannu cewa zai yi masa aiki shekara kaza, in ya gudu ya biya. Amma an fi samun masu cewa ka zo da abarka. To a nan ake ɓarin kuɗi: mutum ya sayi ta Airbus, kamfanin da ke ɗauka kuma Embraer gare shi. Ko ya saya ya zauna gida shekara guda, ta tsufa, sai an sake komawa simuleta. Kada ku saya sai kun ga takardar ɗauka a hannu.

Hajiyar Pantami:
Ku gaya wa kawu soja ba gajeriyar hanya ba ce. Shiga NDA bai nufin tuƙi. Sai an sa shi ɓangaren sojan sama, sannan a tace, a tura 'yan kaɗan makarantar koyon tuƙi ta Kaduna. Wanda ya dace zai yi wa ƙasa aiki shekaru masu yawa kafin a sake shi, kuma in ya fito sai ya rubuta jarrabawar NCAA ya karɓi lasisin farar hula. In soja yake so a ransa, bismillah. In jirgin fasinja yake hange, zagaye ne.

Batun waje, Afirka ta Kudu da Habasha sun fi sauri saboda yawan jirage. Sai dai kuɗin na bin farashin canji, in naira ta faɗi yaro yana tsakiyar kwas, kun shiga uku. Kada ku zuba kuɗin gaba ɗaya, ku biya mataki-mataki, don makarantu na rufewa da kuɗin mutane. Ya dawo kuma sai ya canza lasisin a NCAA, da jarrabawar dokokin sama.

Ɗan Bolari:
Allah ya saka da alheri. To ranar ɗauka fa, Hajiya? Kuma gaskiya ne a Amurka an fi samun aiki?

Hajiyar Pantami:
Littafin awoyinsa za su fara buɗewa, su ga yaushe rabonsa da tashi. Awa 200 da ta kwana biyu ba ta burge kowa. Sai Turancin rediyo, aƙalla mataki na 4 cikin 6 na ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, da jarrabawar takarda, da hira. Daga nan a sa shi a simuleta, a kashe masa inji ɗaya yana tashi, a ga ko zai saurari abokin tuƙinsa ko zai yi gaban kansa.

Amurka kuwa, tun 2013, bayan haɗarin jirgin kamfanin Colgan na 2009, ko mataimakin matuƙi sai ya tara awa 1,500, ban da 'yan rangwame ga tsofaffin sojoji da masu digirin fannin. Yawancinsu da koyarwa suke tarawa, ga kuma maganar izinin aiki. A nan gida ana iya hawa kujerar dama, wato ta mataimakin matuƙi, da CPL. Shi ma in ɗauka ta yi jinkiri, ya nemi shaidar malanta ya riƙa koyarwa, awoyi na ƙaruwa ana biyan sa.