Filash ɗina ya koma kunkuru, in sayi sabo ko laftop ɗin ce?

Mai Kamara:
Salamu alaikum jama'a. Bidiyon biki ne 14GB da hotuna kusan 900 zan ba dangin amarya kafin Asabar. Filash 64GB ne, in na fara kwafi yana tashi da 25MB a sakan, minti ɗaya bai cika ba sai ya faɗo 3, wani lokaci har sifili ya tsaya yana kallona, kwamfuta ta rubuta saura awa biyu. Na riga na yi fomat zuwa exFAT, tsarin da ke karɓar manyan fayil, na gwada ramuka biyu. Dubu 12 ce a hannuna, in sayi wani filash ko in kai laftop gyara?

Ɗan Wunti:
Wa alaikumus salam. Yi masa fomat oga.

Abban Husna:
Bairos ne wallahi, irin mai mayar da folda shotkat ɗin nan.

Mai Kamara:
Ɗan Wunti don Allah ka karanta har ƙarshe.

Ummu Sadik:
Kai ka gode Allah naka yana tafiya ko da rarrafe ne. Ni shekarar da nake firojet na sayi 128GB a wani shago, mai shagon har rantsuwa ya yi orijina ne, dubu uku da ɗari biyar ina ta murna na yi arha. Haka yake yi, a hankali a hankali, amma komai na zuba yana karɓa. Ana jibi zan kai wa malamina na je Gwallameji a buga min, aka buɗe babi na huɗu da na biyar, sunan fayil yana nan amma ciki wasu alamomi kamar rubutun aljanu. Yaron shagon ne ya gwada min ya ce asalinsa 8GB ne aka yi masa dabara yake nuna 128, duk abin da ya wuce takwas ɗin iska kake zuba wa. Na zauna kan benci na yi kuka kamar an yi min mutuwa. Da na koma wai ni na ɓata shi, kuma ina rasit.

Abban Husna:
Innalillahi. Allah ya isar miki Hajiya. Amma 128 a dubu uku da rabi ai ke ma kin san da walakin.

Ummu Sadik:
Ɗaliba ce ni lokacin, me na sani.

Injiniya:
Mai Kamara, tashi da gudu sannan ya faɗo ba lalle lalacewa ba ce. Yawancin masu arha suna da ɗan wurin da ke karɓa da sauri, yana cika sai ainihin gudunsa ya bayyana. Kuma lambar da suke bugawa jikin kwali gudun karantawa ce, na rubutawa ba sa son faɗa. Leƙa bakinsa, in harshen baƙi ne ko fari galibi USB 2.0 ne, da ƙyar ya wuce 30 da wani abu ko a karatu. Shuɗi shi ne 3.0, ramin laftop ɗin ma ya zama shuɗi. Hotuna 900 ɗin ka ɗaure su zip guda, ƙananan fayil sun fi babba guda cin lokaci. Sannan ka gwada shi da H2testw, manhajar da ke gano ainihin girman filash, kafin ka miƙa wa mutane bikinsu, saboda labarin Hajiya.

Ɗan Wunti:
Karatu ya zo. Shekara tara ina tura finafinai, ban taɓa jin wani H2 ba, fomat ne maganinsa.

Injiniya:
Shi ya sa rabin filash ɗin Bauchi ke da shotkat, daga kwamfutocinku suke kwasowa.

Ɗan Wunti:
Injiniyan da bai taɓa buɗe kwamfuta da sukundireba ba. Oga 64GB mai shuɗi dubu shida ne, zo gobe.

Abban Husna:
Shida? Satin jiya tara da ɗari biyar na saya a Gombe. Na dubu shidan nan ƙanin na Ummu Sadik ne.

Baba Ƙarami:
Ka jona shi bayan isha'i ka kwanta, da asuba ya gama. Auren ma ba a rana ɗaya aka ƙulla shi ba.

Mai Kamara:
Na duba, baƙi ne. Amma matsalar in na sayi na dubu tara na ba su shi ke nan ya tafi, filash ɗina biyar ke hannun kwastomomi yanzu, kullum gobe.

Ummu Sadik:
Ai ba kwastoma kaɗai ba, ƙanin mijina ya ari nawa tun kafin azumi.

Baba Ƙarami:
Ni wani ango har yau bai cika min kuɗin hoto ba kuma matar ta haihu, har suna ya gayyace ni, wai in taho da kamara.

Mai Kamara:
Ka je?

Baba Ƙarami:
Na je mana, akwai rago.