Gyaran Daɓen da Ya Kumbura a Tsofaffin Gidajen Tirela na Amurka

Idan daɓe ya kumbura a tsohon gidan tirela, wato gidan da ake ƙerawa a masana'anta a jawo shi da mota zuwa inda za a zauna, yawancin masu ba da shawara kan gyaransa sun yarda cewa ruwa ne tushen matsalar. Gidajen tirela na shekarun 1970 da 1980 galibi da allon garin katako da aka matse aka shimfiɗa musu ƙasa, kuma da ya sha ruwa sai ya kumbura ya ruɓe. Don haka a fara duba gindin masai, ƙasan tagogi da tankin ruwan zafi, a toshe yoyon tukuna. Wasu sun ce a leƙa ƙarƙashin gidan da ma'aunin da ke nuna ko gini ya karkata, domin ginshiƙan bulo kan nutse su karkatar da shi. In allon ya yi laushi, a yanke shi har kan azarar katako da ke ɗauke da daɓen, a sa filawud mai kaurin inci 3/4. Shimfiɗa sabuwar leda a kan ruɓaɓɓen allo kuwa ɓarnar kuɗi ce.