Wuƙar aljihun kakanmu mai tambarin Agadas, wa ya san asalinta?

Ɗan_Gobir:

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan an tashi lafiya. Dan Allah tambaya gare ni ga masu sanin kayan da. Watan jiya muka je Maradi rabon 'yan kayan kakanmu, Allah ya jiƙansa da rahama, da aka buɗe adakarsa sai ga wata 'yar wuƙa mai naɗewa a aljihun tsohuwar rigarsa, kowa ya ɗauki abin da ya ɗauka ni kuwa na ce ita kawai a bar min, don tun ina yaro nake ganinta a hannunsa, da ita yake fiƙe alƙalamin kara in zai yi rubutun allo, da ita yake tsaga goro, in mun kawo rake ma ita ce dai.

Siririya ce ƙwarai, a aljihu ko jin ta ba ka yi. Mariƙin ba itace ba ne kuma ba ƙaho ba, farin ƙarfe ne aka ninke shi biyu bakin wuƙar yana shigewa tsakani. A jikinsa an rubuta EL BARAKA da boko, ga kuma zanen tambarin Agadas ɗin nan da maƙeran Buzaye ke yi da azurfa, can gindi akwai ɗan zobe na ɗaura igiya. Ba ta da makulli ko wani abin dannawa, in ka buɗe sai ta yi ƙas ta tsaya, in za ka rufe sai ka tura bayanta da ƙarfi. Bakin ya yi baƙi-baƙi, akwai jar tsatsa kaɗan wajen ƙusar, kuma ya ɗan cinye saboda yawan wasawa.

To abin da nake son sani, a Agadas aka ƙera ta? Kuma wani abokina ya dage wai turawa na sayen irin waɗannan da tsada sosai, da gaske ne? Ba wai zan sayar ba ne, so nake dai in san abin da ke hannuna. Sannan ina tunanin kai ta wajen masu injin wasa wuƙa a goge min ita ta yi fari kamar sabuwa, me kuka gani?

Damagaram_Ta_Sarki:

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa tsoho. Kafin komai ɗan uwa, kar ka kai ta wajen inji, ka dakata tukuna.

Wuƙar nan ba a Agadas aka yi ta ba, daga Faransa ta fito, wani gari da ake kira Thiers wanda tun shekaru ɗaruruwa sana'arsu ke nan ƙera wuƙa. Akwai kogi da ya ratsa garin, ruwansa ke juya manyan duwatsun wasa wuƙa a da, masu aikin kuma a ruf da ciki suke kwanciya kan katako saman dutsen suna wasawa, sanyi ya ishe su har kare suke ɗorawa a kan ƙafafunsu don ɗumi, hotunan suna nan a intanet in ka bincika. Kamfanin da ya yi taka sunansa Cognet, asalin sunan wuƙar kuma Douk-Douk, a 1929 suka fito da ita. Da farko tsibiran Melanesiya can tekun Fasifik suka yi niyyar kai ta, shi ya sa ta asalin mariƙinta baƙi ne kuma an zana wani dodon al'adar mutanen can a jiki, shi ne mai sunan Duk-Duk ɗin. Kasuwa ba ta yi ba a can, sai suka juyo da ita Arewacin Afirka da sauran ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka, nan kuwa ta karɓu sosai saboda arha ce kuma tana da kaifi. To ka san Musulmi ba kowa zai so ya riƙa yawo da hoton dodo a aljihu ba balle ya yi sallah da shi, shi ne suka yi wani samfurin, suka yi wa mariƙin farin ruwa na nikel, suka cire dodon suka sa tambarin Agadas suka kira ta El Baraka. Ita ce a hannunka.

Abin da ke burge ni da ita, gaba ɗayanta ƙarfe shida ne kacal. Bakin wuƙa, mariƙi, sifirin, ƙusa biyu, sai zoben. Ba wani abin da zai lalace. Wannan ƙas ɗin da kake ji sifirin ɗin bayanta ne, shi ke danne gindin wuƙar in ta buɗe kuma shi ke riƙe ta in ta rufe, ba kullewa yake ba, dannewa kawai yake, amma na Douk-Douk yana da ƙarfi fiye da na yawancin wuƙaƙen aljihu. A Aljeriya ta yi yawa har lokacin yaƙin neman 'yancinsu, 1954 zuwa 1962, sai da hukumomin Faransa suka hana shiga da ita ƙasar.

Baƙin da ka gani a bakin kuma ba lalacewa ba ce. Ƙarfenta baƙin ƙarfe ne mai kabon, ba irin na cokula da ba ya tsatsa ba, in ya sha ruwan goro da lemo da nama shekara da shekaru haka yake rinewa, kuma rinin yana ɗan kare shi. Jar tsatsar ce kawai abokiyar gaba.

Maman_Ikram:

Wayyo Allah, malam ka ji maganarsa wlh kar ka kai. Mu abin da ya same mu ke nan. Babanmu yana da wata wuƙa mai naɗewa da ake kira Okapi, mai mariƙin itace da ɗan ado na wata da taurari a jiki, bayan rasuwarsa yayanmu ya ɗauka ya kai wa wani mai inji a bakin kasuwa wai a gyara ta kafin babbar sallah, mutumin ya danna ta a dutse wuta na tartsatsi, ko minti biyu ba a yi ba bakin ya koma shuɗi-shuɗi, rubutun jikin ya goge, tsinin ya tafi. Tun daga ranar ko an wasa ta ba ta riƙe kaifi, zafin ya kashe ƙarfen. Mamanmu da ta gani shiru kawai ta yi ta mayar da ita cikin kwalla, har yau tana nan amma ba wadda muka sani ba ce. Baba shi a bakin turmi ko kan ɗan dutsensa yake wasa ta a hankali da ɗigon ruwa, shekara nawa ba ta yi komai ba.

Mai_Tara_Wuƙaƙe:

Hajiya Allah ya ba da haƙuri, wannan ɓarnar kam ba ta gyaruwa. Okapi ma tarihinta kusan ɗaya da ta mai tambaya, Jamusawa ne suka fara yin ta a garin Solingen a 1902 don kasuwar Afirka, sai a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu, saboda haka in kin duba gindin bakin in rubutun bai goge duka ba za ki iya gane ta Jamus ce ko ta Afirka ta Kudu. Kuma ita iri biyu ce, akwai mai zoben da ake ja kafin ta rufu, wannan tana kullewa, akwai kuma mara makulli.

Maganar kuɗi kuma ɗan uwa gara in faɗa maka gaskiya tun yanzu kar abokinka ya sa maka rai. El Baraka ba za ta yi tsadar da yake faɗa ba. Dalili, an yi su da yawan gaske don talaka aka yi su, kuma har gobe kamfanin yana nan a Thiers yana buga su, sabuwa dal ba ta kai Yuro 50 ba. Tsohuwa mai lafiya takan ɗan fi haka wajen mai sha'awa amma taka tunda bakin ya cinye, mai tarawa ba zai ba da wani abin kirki ba.

Su masu tarawa abin da suke bi daban ne. Suna duba tambarin da aka buga a gindin baki, da ko an taɓa wasa ta, da ko sifirin yana nan da ƙarfinsa, da ko mariƙin ƙashi ne ko ƙahon barewa kuma bai tsage ba, in da kwalinta na asali ma sai farashi ya ƙara tashi. Misali kamfanin Case na Amurka da ke Bradford a jihar Pennsylvania, wanda ya faro tun 1889, a 1970 sai suka fara buga ɗigo goma a ƙarƙashin tambarinsu, kowace shekara su cire ɗaya, to ka ga mutum yana ƙirga ɗigo ya san shekarar da aka yi wuƙar, wannan kaɗai ya sa mutane suka haukace da tara su. Akwai kuma Great Eastern Cutlery da aka buɗe a 2006 a Titusville, su kaɗan-kaɗan suke fitarwa a kowane samfuri, suna fitowa ake wawashewa sai ka ga ta hannu ta biyu ta fi sabuwa tsada. Sannan da tsofaffin kamfanoni irin su Schrade suka rufe a 2004, Camillus a 2007, kayansu na asali da aka yi a Amurka sai suka zama abin nema. Ƙaranci ke sa tsada, da kuma rashin taɓawa.

Ni kaina ina da kusan talatin a akwati, amma wlh mafi yawansu ko albasa ba su taɓa yankawa ba, ina fito da su in shafa mai in mayar. Taka kuwa cinyewar bakin nan hannun kakanka ne ya yi ta, kowace wasawa ta alƙalami ce ko goro. Da za a ba ni zaɓi tsakanin ta kakana a haka da guda biyar cikin nawa ba zan tsaya tunani ba.

Bakano_A_Sheffield:

Slm. Na ji daɗin wannan hira sosai don garin da nake karatu shi ma garin wuƙa ne. Irin wannan tsarin na sifirin a baya ba makulli, a Ingila ya bunƙasa wajen shekarun 1600, kuma Sheffield ta yi suna da shi ƙwarai, kamfanoni irin su Joseph Rodgers da George Wostenholm mai tambarin I*XL sun cika duniya da wuƙaƙen aljihu har Amurka. A nan ne ma Harry Brearley ya gano ƙarfen da ba ya tsatsa a 1913. Wuƙa mai naɗewa ita kanta ta girmi haka nesa ba kusa ba, tun zamanin Rumawa ana yin ta, sai dai waccan ba sifirin, tsaurin ƙusa ne kawai da yatsan mai riƙo ke hana ta rufewa. Wuƙar Opinel ta Faransa ma haka ta fara a 1890, zoben kullewar da ake gani a wuyanta sai 1955 aka ƙara, ƙananan samfuranta har yanzu ba su da shi.

Wani abin da zan ƙara kan maganar daraja, a nan rashin makullin shi ne ma amfaninta. Dokarsu ta 1988 ta yarda mutum ya riƙe wuƙa mai naɗewa a aljihu ba sai ya kawo dalili ba, matuƙar kaifinta bai wuce inci 3 ba, wato kamar santimita 7.6, kuma ba ta kullewa. In mai makulli ce ko da ƙarama ce sai ka yi wa ɗan sanda bayanin abin da ya sa kake ɗauke da ita. Shi ya sa masu irin taka suke da kasuwa har yanzu.

Amma fa ban yarda da masu cewa ba ta da haɗari ba. Wuƙar yanka ce, ba ta soka ba ce kuma ba ta ɓanɓare murfin gwangwani ba ce, in ka danna tsininta a abu mai tauri za ta iya rufowa kan yatsunka, kuma da ƙarfin sifirin ɗin Douk-Douk ba ƙaramin rauni za ta yi ba. In za ka rufe ka riƙe gefen mariƙin da yatsu, kar ko ɗaya ya gitta ramin da bakin ke shiga, ka tura bayan da tafin ɗaya hannun. Dattawanmu sun san wannan, shi ya sa za ka ga sun shekara arba'in da wuƙa ɗaya yatsunsu lafiya lau.

Damagaram_Ta_Sarki:

Na manta ban faɗa maka gyaran ba. Ka samu man keken ɗinki ka ɗiga wajen ƙusar, ka bar shi ya kwana, da safe ka yi ta buɗewa da rufewa dattin zai fito baƙi, ka goge da tsumma. Jar tsatsar ka murza ta a hankali da tsumma mai mai, in ta ƙi ka sa soson ƙarfe mafi laushi a wurin kaɗai, kar ka bi sauran bakin kuma kar ka taɓa mariƙin da shi don farin ruwan zai kankare tambarin ya dushe. Cikin ramin ka share da tsinken ashana. In za ka riƙa yanka abin ci da ita to bakin ka shafa masa man da ake ci ɗan kaɗan maimakon na keke, kuma duk sanda ta taɓa ruwa ka tsane ta kafin ka naɗe. Kar ka ajiye ta cikin leda, gumi take tarawa.

Ɗan_Gobir:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya ƙara sani. Hajiya labarinki ne ya tsayar da ni, don wlh ranar Asabar ɗin nan na yi niyyar kai ta. Daren jiya na ɗiga mata man kamar yadda malam ya ce, yau da safe dattin da ya fito har ya ba ni mamaki, yanzu ƙarar buɗewarta ta dawo irin yadda na san ta a zauren kaka. Na kira goggonmu na ba ta labari sai ta ce ai ɗan dutsen da yake wasa ta da shi ma yana nan a tagar ɗakinsa ba wanda ya ɗauka, na ce ta adana min, in na je sallah zan taho da shi in sha Allahu. Malam Damagaram in na karɓo zan dawo ka nuna min yadda ake kwantar da bakin a kan dutsen, don ban taɓa wasa wuƙa da hannuna ba.