An juya min mitar mota, kuma dillalin abokin yayan matata ne

Mai tambaya: Salam 'yan'uwa, don Allah a taimaka min da shawara, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Shekara biyu ina zubin adashi, na haɗa da bashin ofis, saboda na gaji da tsayuwar asuba a bakin titin Kubwa, ga madam da tsohon ciki. Yayanta ne ya haɗa ni da abokinsa dillali, masallacinmu ma ɗaya. Ya kawo Camry Muscle 2008, tokumbo, mita na nuna mil 84,000. Wata biyu ke nan baƙin mai sai ƙafewa yake. Da na kai ta garejin makanikai na Apo, makanike ya nuna min robar da ke kan abin taka birki ta suɗe har ƙarfe ya fito, sannan ga 'yar takardar sabis ta Amurka manne a jikin ƙofa, an rubuta mil 197,000. Na kira dillalin, wai haka shi ma ya saye ta.

Injiniya: Malam, lissafi kaɗai ya isa. A Amurka mota kan ci wajen mil 12,000 a shekara, ta yaya mai shekara fiye da 15 za ta tsaya a 84,000? Ka duba lambar VIN, wato lambar shaidar motar, haruffa da lambobi guda 17 ce, tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba. Da ita ka ciro rahoton Carfax, kamfanin da ke tattara tarihin motocin Amurka, yawanci za ka ga abin da mita ta nuna a can. Juyawar nan ba wuya, na'ura ake jonawa a soket ɗin ƙasan sitiyari.

Maman Ilham: Allah ya mayar da alheri. Mu Sienna aka yi wa haka, giya ta mutu mana a hanyar Kaduna da yara a ciki. Har yau maigidana ba ya gaisawa da ƙanensa a kan wannan mota.

Mai tambaya: Injiniya ai ban yi sakaci ba, na je da makanike ranar, ya ji ƙarar inji ya ce lafiya lau. Takardun kwastan ma cikakku ne.

Injiniya: Makanikenka ko wanda dillalin ya kawo? Kwastan kuma ina ruwansu da mita? Me aka rubuta a rasit?

Ɗan Lugbe: Ka kai dillalin ofishin 'yan sanda kawai, ranar zai san akwai hukuma.

Baba Alhaji: Kul, yaro. Surukuta ce a tsakani. Ka tara yayan matarka da liman, ko la'adarsa ce ya dawo da ita. Matarka na dab da haihuwa, kada ka ɗaga mata hankali.

Injiniya: Baba, da irin wannan kawaicin suke ci gaba da cutar mutane. Akwai FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya, a nan Abuja, amma sai da hujja a rubuce. Kuma injin Camry mai lita 2.4 na shekarun nan dama an san shi da shan baƙin mai, da an tambaye ni da ban bari an saya ba.

Direban Gwagwa: Ka kai a sake gyara mitar ka sayar, kowa haka yake yi.

Maman Ilham: Subhanallah! Ya cuci wani bawan Allah ke nan?

Mai tambaya: Ba zan yi haka ba. Makaniken kuwa dillalin ne ya zo da shi, amma mutumin kirki ne, na san babansa. Rasit babu maganar mita. Yayan madam ban faɗa masa ba tukuna, gobe da safe kuma akwai awo a asibiti, da motar za mu.