Ƙanina ya tafi bai yi mana ban kwana ba

Ɗan Mamobi: Salamu alaikum jama'a. Raina a ɓace yake. Ƙanina, uwa ɗaya uba ɗaya, ya tashi zuwa Jamus daren Talata, sai da ya shiga filin jirgin saman Akra sannan ya turo wa Mma saƙon murya. Tsohuwar nan ko hannu ba ta ɗora masa a ka ba. Ni dai na ce ban kwana ya mutu a zango. A da ko Kumasi mutum zai je, sai ya zaga dangi, a sa masa albarka, a raka shi tasha.

Hajiya Mai Koko: Subhanallahi! Ɗana, daina cewa ban kwana, yaro na da rai. Ban kwana na wanda ba zai dawo ba ne. Sallama ake cewa.

Malam na Fadama: Hajiya, da girmanki, ba haka ba ne. Amarya tana ban kwana da gidansu, maniyyaci ma yana yi. Kakanninmu da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙasa zuwa Makka, shekaru suke yi a hanya, shi ya sa sai sun biya bashi, sun bar wasiyya, sun nemi yafiya gida-gida. Har yau kafin a shiga sansanin alhazai ana yin haka.

Hajiya Mai Koko: To ai ka faɗa da bakinka, Malam. Nawa ne cikinsu suka dawo?

Ɗan Aboabo: Mu a Kumasi duk biyun muna faɗa, ba wanda ya mutu. Ku mutanen Akra, Hausarku ta gauraye da yaren Ga, shi ya sa kuke tsoron kalma.

'Yar Nima: Mai cewa "nante yie", sallamar Asante, a kasuwar Kejetia ta Kumasi ne zai koya mana Hausa? Babban Limamin ƙasa a ina yake zaune, Aboabo ta Kumasi ko Fadama ta Akra?

Ɗan Aboabo: Tun ba a san unguwarku Nima ba fatake ke ɗaukar goron Asante ta Salaga zuwa Kano. Ki tambayi manya.

'Yar Nima: Kai ma tambaya ka yi, ba ka gani ba.

Baban Yara: Ku bar wannan. Yaron tsoron baki ya yi. Mutum nawa suka yi shela, tafiyar ta wargaje? Sai ka sauka lafiya kake faɗa.

Ɗan Mamobi: Bakin wa? Na Mma da ta sayar da zannuwanta aka haɗa masa kuɗin jirgi? Kawu, ka janye maganar nan.

Baban Yara: Ban kira sunan kowa ba. Gidan haya kuke, bango na da kunne.

Ɗan Mamobi: Yanzu kuma gidanmu ne abin gori?

Shugabar zaure: Ya isa haka, na rufe. Abin da na fahimta: yawanci sun yarda sallama ta fi dacewa da mai rai, kamar yadda Hajiya ta faɗa, kuma ita ce babba a nan. Malam ya kawo tarihi, mun gode, amma zamanin tafiyar ƙasa ya wuce. Ɗan Aboabo, wannan ne karo na ƙarshe da za ka taɓa mutanen Akra a zauren nan. Ɗan Mamobi, ka ce wa yaron ya kira Mma ta bidiyo ya nemi gafararta. Allah ya tsare shi.