Abin da muka tsinta a hirar gwajin jini kafin aure

Bayan Isha'i muka zauna a tsakar gida a Tudun Wada, Gusau, zancen auren ƙanwarmu ya kai mu ga gadon jini. Kawu, da yake aikin asibiti yake yi, shi ya ja akalar hirar.

Ya ce mutum na ɗauke da kuromosom, wato abubuwan da ke riƙe da gadon halitta, guda 46, 23 daga uwa, 23 daga uba. Saboda haka a daina ɗora wa mace laifin sikila, ta ɓangare biyu take zuwa. In AS, wato wanda ya gaji sikila ta ɓangare ɗaya kawai, ya auri AS, kowane ciki na da kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS, wato mai ciwon sikila. Kowane ciki fa, ana iya samun uku a jere. Nan Gwaggo ta ajiye carbinta ta yi tagumi.

An fi nanata a yi gwaji tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, a kuma maimaita a wani asibitin. Rukunin jini, su O da B, wani abu ne daban. Auren zumunci ya fi buƙatar gwajin, ni ma na yarda.

Baba ya tambayi dalilin yawan AS a ƙasarmu. Kawu ya ce: "Yaya, tana rage tsananin zazzaɓin cizon sauro ne."