Neman shawara: SYS1.LOGREC ya kusa cika, yaya zan tsara aikin EREP?

Ɗan koyo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sabon shiga ne ni a sashen kula da babbar kwamfutar IBM, z/OS muke aiki da shi. Wanda yake riƙe da ɓangaren rahoton kurakurai ya yi ritaya, ya bar mini tarin JCL (rubutaccen umarnin da ake gudanar da ayyuka da shi) babu ko layi ɗaya na bayani. Yanzu saƙon IFB080E yana ta fitowa a allon masu gadin na'ura, wai SYS1.LOGREC, fayil ɗin da na'ura take ajiye bayanan kurakurai a ciki, ya kusa cika. Shugabana yana so in tsara aikin da zai riƙa gudana kullum, ya kwashe bayanan, ya kuma fitar da rahoto. Wani abokin aiki ya ce in gudanar da IFCDIP00 kawai a huta. Hankalina bai kwanta ba. Don Allah waɗanda suka san hanya su ɗora ni.

Tsohon hannu:
Wa alaikumus salam ƙanena. Gara da ka tambaya. Kada ka taɓa IFCDIP00 tukuna. Aikinsa shi ne ya shirya fayil ɗin LOGREC daga farko, duk abin da ke ciki ya tafi ke nan. Saƙon zai ɓace, gaskiya ne, amma ranar da injiniyan na'ura ya zo yana tambayar tun yaushe faifan nan ya fara ba da kuskure, ba ka da abin nuna masa. Kamar ƙona littafin bashi ne don shafukansa sun ƙare.

Shirin da kake nema sunansa IFCEREP1, shi ne EREP, mai karanta bayanan LOGREC ya fitar da rahoto. Mataki na farko ba rahoto ba ne, kwashewa ce:

```
//KWASHE  EXEC PGM=IFCEREP1,PARM='CARD'
//SERLOG  DD DSN=SYS1.LOGREC,DISP=OLD
//ACCDEV  DD DSN=EREP.TARIHI(+1),DISP=(NEW,CATLG),
//           UNIT=SYSDA,SPACE=(CYL,(20,10),RLSE),
//           DCB=(RECFM=VB,BLKSIZE=12000)
//EREPPT  DD SYSOUT=*,DCB=BLKSIZE=133
//TOURIST DD SYSOUT=*,DCB=BLKSIZE=133
//SYSIN   DD *
PRINT=NO
ACC=Y
ZERO=Y
ENDPARM
/*
```

SERLOG shi ne inda ake ɗebowa, ACCDEV inda ake zubawa. ACC=Y na cewa a kwafa, ZERO=Y na cewa a share bayan an kwafa. Sunan EREP.TARIHI misali ne kawai, ka bi tsarin sunayen wurinku, kuma sai ka fara ƙirƙirar tushen GDG ɗin (jerin fayiloli masu suna ɗaya, (+1) shi ne sabo) da shirin IDCAMS kafin (+1) ya yi aiki.

Duk sauran rahotanni daga kwafin za su fito. Dalili kuwa shi ne na'ura ba ta daina rubutu a LOGREC don kana karantawa. In ka fitar da rahoto uku kai tsaye daga can, kowane zai ga adadi daban, kuma abin da ya shigo tsakanin rahoton ƙarshe da sharewa ba wanda zai gan shi a takarda.

Mai aikin dare:
Abin da Malam ya faɗa haka yake. Ƙari ɗaya: ka riƙa buɗe TOURIST kullum. Mutane suna ganin aiki ya ƙare sai su tafi, alhali nan ne EREP yake faɗin bayanai nawa ya karanta da abin da ya ƙi yi. Ko ka sa ZERO=Y, in ya kasa buɗe ACCDEV ba zai share komai ba, kuma a TOURIST za ka gani. Gobe kuma saƙon ya dawo kana mamaki.

Ɗan koyo:
Na gode ƙwarai. Na gwada mataki na biyu a kan kwafin, na sa ACCIN ya nuna fayil ɗin tarihi, na rubuta SYSUM, sai ya tsaya yana ƙorafin ACCDEV. Ni kuma ba kwafi nake so ba a nan.

Uwar ɗakin injina:
Ɗana, wannan ya kama kusan kowa. In ba ka ce komai ba, EREP yana ɗauka ACC=Y kake nufi, sai ya nemi inda zai zuba. A kowane matakin rahoto ka rubuta ACC=N da hannunka, ka kuma sa HIST=Y don ya san daga ACCIN zai karanta ba daga SERLOG ba. Ka ƙara DIRECTWK, wurin aikinsa na wucin gadi a faifai. In tarihin ya yi yawa ya ce teburinsa ya cika, ɗaga TABSIZE (girman teburin), ka ɗaga REGION (ƙwaƙwalwar da aka ware wa aikin) tare da shi.

Kuma nau'in rahoto guda kawai ake nema a kowane mataki. Kada ka cusa SYSUM da EVENT wuri guda, ba zai karɓa ba. Ni tsarina shi ne SYSUM don ganin jimilla, SYSEXN don abin da ya wuce iyaka (wannan injiniyoyi suka fi karantawa), sai EVENT mai jera komai bisa lokaci. In manhaja ce take faɗuwa, irin su S0C4, sa TYPE=S da PRINT=PS ka ga cikakken bayani. Amma ka taƙaita shi da DATE, in ba haka ba za ka cika ma'ajiyar SYSOUT, inda rahotanni suke taruwa, har masu gadi su kira ka. Kwanan wata a nan shekara ce da lambar rana: 24045 na nufin rana ta 45 a 2024, wato 14 ga Fabrairu.

Abu ɗaya kuma: a cikin aiki guda, fayil ɗin da ka ƙirƙira da (+1) yana nan a (+1) har aikin ya ƙare. In ka rubuta (0) a mataki na biyu, na jiya za ka karanta, rahoto ya fito tsaf ba kuskure, amma tsoho.

Mai aikin dare:
Hajiya ta gama magana. Ka dai kewaye matakan rahoto da IF da ENDIF, ko COND, kada su gudana in kwashewa ta faɗi. Kuma in JES, mai karɓar ayyuka, ya dawo maka da JCL ERROR, duba gurbin da rubutu ya fara da inda ya ƙare a kowane layi kafin komai. JCL ya taso ne tare da OS/360, bayan IBM ta sanar da System/360 a 1964, zamanin kati mai gurbi 80, har yau umarni ba ya wuce gurbi na 71, ci gaban layi kuma yana farawa tsakanin na 4 da na 16.

Baƙo a zaure:
Ni ban ga amfanin wannan wahalar ba. Ku koma rafin bayanai na System Logger mana, SYSPLEX.LOGREC.ALLRECS. Babu maganar cika, babu ZERO, duk na'urorin da ke haɗe suna rubutu wuri ɗaya. Ana karanta shi ta ACCIN da SUBSYS=(LOGR,IFBSEXIT).

Tsohon hannu:
Gaskiyarka, in na'urori da yawa ne a haɗe ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Amma wannan shawara ce ta masu tsara tsarin gaba ɗaya, sai an taɓa manufar LOGR da IEASYSxx, ba abin da sabon shiga zai yi da fayil a bakin cika ba ne. Kuma ko a can sai an tsara tsawon lokacin ajiya.

Sai dai ka tuna mini wani abu. Ƙanena, buga D LOGREC a allon umarni tukuna. Zai nuna maka ainihin inda ake rubutawa da sunan fayil ɗin, don ba kowane wuri ne yake barinsa a SYS1.LOGREC zalla ba, wasu suna haɗa sunan na'ura a ciki. In ya cika gaba ɗaya, IFB081I za ka gani, daga lokacin sabbin bayanai ba sa shiga. Saboda haka ka kwashe yau da hannu, tsarin kullum ya biyo baya.

Ɗan koyo:
Na buga, fayil ne ba rafi ba, kuma sunan yana da ƙari kamar yadda ka ce, na gyara SERLOG. Kwashewa ta wuce, TOURIST ya nuna an share. Amma Hajiya, a EVENT na ga kusan duk layukan daga lambar na'urar kaset ɗaya suke fitowa.

Uwar ɗakin injina:
To ita ce take cika maka shi. Fitar da SYSEXN na wannan makon, ka duba ko kaset ɗaya ne yake maimaituwa ko duk wanda aka saka. In ɗaya ne a cire shi, in duka ne ka miƙa wa injiniya takardar gobe da safe.